Maganin Ramar Murja

Ni kitso nake yi a gida, kuma duk wanda ya san mai kitso ya san kunnenta ya fi hannunta aiki. Mace in ta kwantar da kai a cinyarki sai bakinta ya buɗe. Saboda haka babu abin da matan Azare suka faɗa a kan Murja da ban ji ba, wani ma ana faɗarsa ina riƙe da gashin mai faɗar. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma wadda ta sake zama a gabana ta ce min ciwon Murja haka kawai ya faɗo daga sama, wallahi da rabin kai a tsefe za ta koma gida.

Murja taubashiyata ce. Babanta da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Ni Randa nake ce mata, ita kuma ta ce min Tsinke, domin ni ko sa na cinye ba ya nunawa a jikina. Sunana na yanka Juwairiyya, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Ba da ƙiba aka haife ta ba. Uwarta ta rasu tana goye, aka bar jaririya ƙashi da rai, har manya suna cewa wannan ba mai zama ba ce. Gwaggo Fanna, babbar yayar iyayenmu da ke aure a Katagum, ita ta zo ta naɗe ta a zani ta tafi da ita. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Da nonon akuya da kunu ta rene ta, ta hana idonta barci, har yarinya ta yi kumatu ta yi damtse. Tun daga nan, a wurin Gwaggo, naman jikin Murja shi ne abin da ta samu a duniya. In an yi baƙi sai ta kira ta, ta ɗaga hannunta tana nuna musu marainiyar da aka ce ba za ta yi rai ba.

Da ta isa aure aka kawo ta Azare gidan Malam Uzairu kafinta, mutum mai sanyin hali, wanda ba ka jin muryarsa sai ƙarar zartonsa. Suka haifi 'ya'yansu, suka aurar da matan, namijin ya tafi Bauci neman na kansa. Tun tana amarya take toya masa a gida, da girma ya fara zuwa kuma Malam ya bar ta ta fito da tandarta bakin tasha. Masar Murja ba sai an yi mata talla ba. Gefe a soye, ciki kamar auduga, ga miyar taushe mai kauri, ga yaji ga sukari ga wanda yake so. Direbobin Dambam da na Shira ba sa ɗaukar hanya sai sun tsuguna a gabanta, tana zuba musu tana yi musu tsiya, dariyarta har cikin tasha ake ji.

Kuma tana ci, ba zan ɓoye ba. Masar farko ta kowace suya ita ke ɗanɗanawa. Wadda ta fashe ba ta sayarwa, ba ta kuma zubarwa, cikinta take zubawa. Zafin wuta ya dame ta, ta kora da lemon kwalba mai sanyi. Ta koma gida ta zauna wa tuwon shinkafa. Daga gida zuwa tasha acaɓa, daga tasha zuwa gida acaɓa, wuni guda a kan 'yar kujera. Tana ƙara faɗi ana ƙara yabon mijinta. A gidan biki sai ka ji tsofaffi suna cewa, "Masha Allah, Malam Uzairu ya iya kiwo." Shi ma in aka gaya masa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Kusa da tandarta akwai rumfar Iyabo, wadda kowa ke kira Maman Kolade, mai sayar da bokitai da kwanukan roba. Bayarabiya ce, amma a Azare ta yi wayo, Hausar bakinta ta fi ta wasunmu kaifi. Sun yi shekara da shekaru kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya za ta tashi ɗaya ke tsare mata kaya.

Ciwon a hankali ya shigo. Ƙishirwa ce ta fara, ta sha ruwa ta sake sha, ta yi ta zarya bayan gida. Sai jiri, sai ido ya riƙa yi mata dishi-dishi. Gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta, salla ma ta koma yi a zaune. Mu duka muka ce zafin wuta ne da girma. Wata safiya tana juya masa ta sulale daga kan kujera, saura ƙiris kanta ya faɗa tanda. Maman Kolade ba ta tsaya neman dangi ba, ta tare mai keke, ta sa direbobi suka ciccibe ta, sai asibiti.

Hawan jini ne da sukari, duka biyun sun yi nisa. Likitar da ta duba ta ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce magani zai taimaka, amma ba zai yi aikin shi kaɗai ba. Sai ta rage jiki, ta rage gishiri da maiƙo da zaƙi, ta riƙa taka ƙasa da ƙafarta. In kuwa ta ci gaba yadda take, ko dai ɓarin jikinta ya shanye, ko a wayi gari babu ita.

Ni ban zaci za ta iya ba, na ma gaya mata. Na ce, "Randa, ke da barin masa sai dai a lahira." Ta harare ni ta ce in zuba ido.

Kuma ta ba ni kunya. Tana toya masa tun safe ba ta kai ko ɗaya baki, ƙamshin yana dukan hancinta tana kawar da kai. Ta bar lemon kwalba. Ta koma kwaɗon zogale, da wake, da ɗan tuwon dawa wanda ko yaro ba zai ƙoshi da shi ba, miya kuma daddawa ce ke riƙe ta, gishiri sai dai a ce an nuna mata. A nan dole in yaba wa Malam Uzairu. Miyar nan mai lami shi ma ita yake sha, bai taɓa cewa a yi masa tukunya daban ba. Da hannunsa ya dasa zogale a bayan ɗakinta.

Sai tafiya. Ashe Maman Kolade ma ta daɗe da hawan jini, kuma kullum bayan gari ya fara haske tana fita ta miƙe hanyar Gadau ta dawo kafin ta buɗe rumfa. Ita babu mai ce mata uffan. Bayarabiya ce, ko da ka ta yi tafiya cewa za a yi su haka suke. Amma da Murja ta zura hijabi ta sa takalmin kambas na ɗanta ta bi ta, sai gari ya ɗauka. 'Yan acaɓa su riƙa cin birki a gabanta, "Hajiya, hau mana, ba sai kin biya ba." Dattawan da ke dawowa daga masallaci su tare ta, "Lafiya dai? Rasuwa aka yi?" Domin a garin nan babbar mace ba ta sauri da sassafe sai in mugun labari za ta kai. Ta ce musu motsa jiki take yi, su bi ta da kallo kamar ta ce ta taɓu.

Da farko ko ƙarshen layinsu ba ta kaiwa sai ta nemi dakali. Kafin sanyi ya wuce tana fita bayan gari ta dawo tana hira. Jiri ya tafi, ido ya washe. Wata rana da hantsi ta shigo gidana ko sallama ba ta gama ba, ta kama hannuna, idonta taf da ƙwalla.

"Tsinke, yau na sa goshina a ƙasa," in ji ta. "A tsaye na yi sallata, na yi sujada, na tashi da kaina ban dafa bango ba."

Na so in yi mata tsiya, na kasa. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba, har ranar da ta aurar da 'yarta ta fari.

To amma jiki ya sauka, shi kuma ba ya ɓoyuwa. Zani ya fara zagaye ta har da saura. Wuyanta ya fito, fatar damtsenta ta saki tana reto. Mace ce da ta samu lafiya, amma mutanen Azare ba lafiyar suka gani ba, ramar suka gani.

A kan cinyata na fara jin maganar. Wata da nake yi wa shuku ta ce, ita dai ta hana yaranta sayen masar bakin tasha. Na ce saboda me. Ta rage murya ta ce, "Ke ba ki ga yadda ta zuƙe ba? Irin wannan ramar ai suna gare ta." Na ja gashin nan har sai da hawaye ya zubo mata, na ce kai ne ya cuɗe. Wata ta ce a'a, sammu ne, masu masar cikin kasuwa suka yi mata. Wata ta ce kafinta ne ya karye, gidan ko tukunya ba a ɗorawa. Na yi bayani har bakina ya bushe, na ce likita ce ta ce ta rage jiki. Sai su kalli juna. "Likita ta ce mutum ya rame? To ai dama in waccan cutar ta zamani ce, haka za a ce."

Direbobin da suka shekara suna cin masarta suka koma gaishe ta daga nesa. Ƙullu ya riƙa kwana yana tsami. Wannan bai karya ta ba, ta ce ciniki na Allah ne. Malam Uzairu ne abin ya ci. A majalisarsu ta bakin shago wani ya ce masa, "Malam, ko garin katako kake tuƙa mata ne?" aka kwashe da dariya. Wannan wasa ne, ya shanye. Amma ranar da abokinsa na ƙuruciya ya ƙi karɓar kofin shayi daga hannunsa, ya ce wa mai shayi a ba shi wani, daga ranar bai sake zama a majalisa ba. Daga shago sai masallaci sai gida, kansa a ƙasa.

Ana cikin haka 'yar Murja ta haihu, aka sa suna, Gwaggo ta zo daga Katagum. Ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda, amma idonta ras. Murja ta fito da sauri ta durƙusa gaishe ta, durƙuson da a da ba ta iyawa. Gwaggo ta amsa kamar ga baƙuwa, sannan ta ƙura mata ido. Ta kama damtsenta, ta ɗaga, fatar ta yi reto a gaban matan suna. Sai tsohuwa ta fashe da kuka.

Ba a watse ba ta sa aka kira Malam Uzairu. Ya zo ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Uzairu, haka na ba ka ita?"

"Gwaggo, ba ta da lafiya ne, likita ce ta..."

"Likita ce ta aure ta ko kai? In ciyarwa ta gagare ka, ai sai ka aiko min. Ina da rai a mayar min da 'ya tsumma."

Ya sunkuyar da kai. Na duba Murja in ga ko za ta yi magana. Ina. Matar da ke zazzage direbobi da baki ta zama kurma, tana wasa da bakin tabarma. A gidanmu ba a mayar wa wadda ta rene ka magana, ko kallon tsakiyar idonta ba a yi. Ni ce na kasa haƙuri, na ce Gwaggo, wallahi yanzu ne take da lafiya, ƙibar ce ciwon. Ta juyo ta auna ni sama da ƙasa.

"Ke rufe min baki. Ke da ko kaza ba ta ƙiba a hannunki, me kika sani?"

Mata suka yi dariya. Gwaggo ta yanke hukunci, da Murja za ta koma Katagum, ta yi jinyar abarta da kanta.

Malam Uzairu yana da ikon hanawa, matarsa ce. Bai hana ba. Washegari Murja ta zo in yi mata kitson tafiya, ta kwanta a cinyata, ta gaya min abin da ya ce mata. Ya ce, ki bi ta, na gaji da tafiya kaina a ƙasa.

Na ce, "Randa, kin san me za ta yi miki a can."

"Na sani."

"To ki ce ba za ki ba. Ki ce ciwo, ki ce jika, ki ce komai."

"In ce wa Gwaggo a'a?" Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Da ba don ita ba ai da ko kabarina an manta inda yake. Ga Malam, mutumin nan bai taɓa ɓata min ba, yau saboda ni ana gudun kofinsa. Tsoro nake ji, Tsinke, wallahi tsoro nake ji. Amma zan ɗan yi musu yadda suke so, in bakin mutane ya mutu sai in koma tafiyata."

Na gama kitson na sallame ta, don in na buɗe baki ashar ne zai fito.

Abin da Gwaggo ta sani na gyaran jikin mace shi ne na mai jego, shi ta yi mata. Da safe kunun kanwa, kwano cike, mai zafi. Da hantsi fura da nono, sukari har sai ludayi ya yi nauyi. Da rana tuwon shinkafa yana ninƙaya a man shanu, da yamma soyayyen kifi ko farfesu mai gishiri. Ba aike take yi da kwanon ba, zama take a gabanta da sandarta a gefe har sai ta ga gindinsa. Ta hana ta wuce zaure, wai mai jinya ba ta yawo. Ƙwayoyin asibiti ta kwashe, ta ce su ne ke tsotse ta. A madadinsu ta sayo wasu wurin wata mai yawo gida-gida da magani a jaka, irin waɗanda 'yan mata ke sha kafin biki don su cika, sha-ka-fashe. Akuyoyinta ta sayar ta yi wannan hidima. Shi ya sa abin ya fi min ciwo. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita.

Maman Kolade ta rufe rumfarta ranar kasuwa sukutum, ta shiga mota har Katagum da sabon magani a jaka. Ta durƙusa har ƙasa irin nasu, ta ce, "Mama, ki yi wa Allah ki bar ta ta sha wannan. Ni ma shi nake sha, ga ni a gabanki." Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa mata albarka, ta sa aka dama mata fura. Ta ce baƙuwar kirki ce, amma jikin Bayarabe daban na Bahaushe daban. Maganin a saman katanga ya ƙare, rana da ruwan sama suka cinye shi. Maman Kolade ta dawo ta tsaya a ƙofar gidana tana kuka tana faɗa da Yarbanci, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka.

Damina ta wuce, aka fara yankan gero, sannan aka dawo da Murja. Fuska ta yi fam, wuya ya ɓace, ƙafafu kamar turame. Jama'a, ku zo ku ga murna. Mata suka yi ta tururuwa suna barka da samun sauƙi. Wadda ta hana yaranta sayen masa ita ce ta fara aiko da kwano. Direbobi suka dawo suka tsuguna. Malam Uzairu ya yanka zakara, ya koma majalisa, aka matsa masa wuri a benci. Kowa ya samu abin da yake so.

Ita kuwa daga ɗaki zuwa zaure sai ta tsaya ta huta. Salla ta koma zaune. Maman Kolade ta ja ta asibiti, aka mayar da ita kan magani, aka ce ta koma duk abin da ta bari, kuma da gaggawa. Ta gwada fita da safe, ba ta kai ƙarshen layi ba numfashi ya sarƙe, ga kuma maƙwabciya ta leƙo tana cewa, "Au, za a koma ruwa ke nan?" Ta juya gida. In ta rage tuwo, Malam ya kalli kwanon ya kalle ta, sai ta ƙara loma.

Ranar da abin ya faru Maman Kolade ce a kusa. Ta ce Murja tana juya masa sai tsinken ya faɗi daga hannunta. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, hannun ya sauka a kan tanda mai zafi ya zauna. Ƙaurin fata ne ya sa Maman Kolade ta waigo. Murja tana kallon hannun nata yana ƙuna, ba ta janye ba, bakinta ya karkace gefe guda.

Ta rayu. Ɓarin dama ya tafi, magana ta tafi. Bakin da ake ji har cikin tasha yanzu sai wani gurnani da miyau. Amma hankalinta garau yake, duk abin da aka faɗa tana ji, idonta yana bin mai magana. Da za a sallame ta daga asibiti an ja mana kunne, a ba ta abinci kaɗan-kaɗan tana zaune, ban da gishiri, ban da kanwa, kada a matsa mata don haɗiya tana yi mata wuya.

Muna gida da 'yan kwanaki Gwaggo ta iso, da fulas a hannu. Ɗakin cike da 'yan dubiya, ina gefen katifa ina goge wa Murja baki. Ana ta jajantawa, sai wata ta ce, "Ai tun lokacin da ta fara ramar nan muka san akwai abu a jikinta." Wata ta karɓe, ta ce tafiyar asubar nan ce, wa ya san abin da ta taka a bayan gari. Gwaggo ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, da ba ta ɗauke ta ta ɗan mayar mata da jiki ba, da wannan bugun ba zai bar ta da rai ba. Ɗaki ya amsa, ƙwarai kuwa. Daga bakin ƙofa na ji muryar Malam Uzairu yana cewa, "Haka ne, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

Murja ta juyo da ido ta kalle ni. Maƙogwaronta yana motsi, gurnanin yana fita, babu kalma.

Gwaggo ta buɗe fulas ta tsiyaya a kofi. Tun kafin in gani na ji warin kanwa. Ta matso, ta ɗebo a cokali ta kai bakin Murja. Murja ta datse haƙora. Ta kawar da kai iya yadda wuyan zai juya. Gwaggo ta bi ta da cokali, ta sake kawarwa, kunun ya zuba a kan matashi. Tun da aka haife ta, ranar ce ta fara ce wa Gwaggo a'a.

"Kun gani ko," in ji Gwaggo. "Ƙin abincin nan bai sake ta ba har yanzu. Ku riƙe min kanta. Ɗura zan yi mata."

Mata biyu suka taso. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba, sai ganin kofin na yi ya daki bango, kunu ya wanke zanin Gwaggo. Na ce babu mai taɓa ta, kun kashe rabi, ku bar mata rabin. Ɗaki ya ɗauki salati. Aka ce na daki hannun uwa, aka ce dama ni ba ni da ta ido. Gwaggo ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce a fitar mata da marar kunyar nan. Suka tura ni waje da mayafina a hannu, aka saki labule.

Malam Uzairu yana zaune a kan benci a tsakar gida. Na tsaya a kansa. Na ce, Malam, matarka ce, kana ji aka ce kada a ba ta kanwa, kada a matsa mata. Ka tashi ka shiga.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Juwairiyya, me zan ce wa Gwaggo?"

A cikin ɗaki na ji ana sake tsiyaya kunu. Na ji tari, irin na wanda abu ya bi ta hanyar numfashi. Sannan muryar Gwaggo a hankali, cike da ƙauna, tana cewa, "Yawwa, 'yar albarka. Haɗiye."